Hoton da Haske Ya Cinye Fuskar Yaya Sani

Yau shekara bakwai ke nan da kwalekwale ya kife da yayana Sani a hanyar Kaoje, zai je ɗaukar hoton biki. Wayarsa da kyamararsa duk suna ruwa har yau.

Wata biyu kafin nan ya tsallaka ƙasar Benin ya sayo fitilun ɗaukar hoto biyu masu lema, ya kafa su a shagonsa na Bagudo. Shi da ya saba ɗauka a rana, sai fitila ta mayar da shi ɗan koyo. In ya saita don fuska ta fito, farar riga ta ƙone. In ya bi riga, fuska ta dushe. Wata rana da na kai masa abinci ya zauna a kujera, ya miƙa mini kyamarar, ya ce in danna kawai. Fitilar ta yi kusa, ƙarfinta a ƙure. Muka duba, ga hula, ga kafaɗu, fuska kuwa fari fat. Ya yi dariya, ya ce laifinsa ne, da ya ja fitilar baya taku biyu ko ya tsuke ƙofar gilashin kyamarar. Ya wanke hoton ya manna a bango don ya riƙa tuna kuskuren. Ya ce in dawo mu sake. Ban samu dawowa ba.

Wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya ɗauki hoton rabin garin nan, da muka bincika, wannan kaɗai ya bari nasa.

Yanzu waya na gyara haske da kanta, har tsohon hoto ana sabuntawa. Da Yaya yana raye, ban san ko zai yi murna da hakan ba, ko zai ce an raina sana'a. A watan jiya 'yarsa Nafisa, wadda ya bari tana rarrafe, ta kai hoton wurin mai gyara. Na'ura ta zana fuska kyakkyawa, har da gemu. Ta kawo mini da gudu.

"Gwaggo, wanga shi na Baba?"

Na san ba shi ba ne. Na buɗe baki in faɗa mata inda aka kuskure, hanci ne ko ido, sai na tarar ni ma na kasa. Muryarsa na nan a kunnena, da haƙurinsa ga mai koyo. Fuskar ce ke zame mini.

Na ce mata ta ajiye. Ta sa shi a jakar makaranta.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya haskaka kabarinka.