Wanda Aka Binne a Littafi na Biyu

Littafin kashi bakwai ne, kuma duk yarinyar da ta taka sakandare a Talata Mafara ta san shi. Labarin wata jaruma ce, ɗiyar maharbi, da aljanu suka ƙone garinsu, ta bi su ƙasa bayan ƙasa don ta rama. Tana da zobe, in ta murza shi ba mai ganinta. Tana da wa guda ɗaya da take so kamar ranta.

Ni uku na farko na mallaka. Yayana ne ya sayo mini su a kasuwar Talata, ɗaya bayan ɗaya, duk sa'ad da ya kai wake. Yakan zaro littafin daga aljihu yana warin fetur, ya ɗaga shi sama, sai na yi tsalle kafin ya sakar mini. A ƙauyenmu, kusa da Gidan Goga, ni ke karanta wa Inna bayan la'asar. Ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa, amma boko ba ta yi ba. Sai ta miƙe ƙafa tana tsince shinkafa, ina karatu, tana cewa "af!" in an yi abin mamaki. Ba wanda ya taɓa ce mini aikina ne. Na dai san nawa ne.

Da hantsi 'yan bindiga suka zo, a kan babura. Ba zan faɗi ranar nan duka ba, har yau ba na iyawa. Ni da Inna mun shige gonar dawa mun kwanta rub da ciki har rana ta karkata. Yaya yana gona ta wancan gefen, suka tafi da shi da wasu. Ba a ga gawarsa ba, ba a kuma ji muryarsa a waya ba. Baba ya tsaya Maradun wurin wani amininsa yana bin duk labarin da ya ɓullo, mu kuma aka sa mu a mota zuwa Talata Mafara, gidan Gwaggo, ƙanwarsa. Littattafaina uku suna can ƙarƙashin katifa, in katifar tana nan.

Gwaggo man gyaɗa da ƙuli take yi na sayarwa, don haka kullum akwai gyaɗar ɓara a tsakar gida. Tana da ɗiya sa'ata, taubashiyata. Ni ɗiyar namiji, ita ɗiyar mace, tun muna ƙanana nake ce mata baiwata, ita kuma ta ce mini 'yar ƙauye, ba mai shiga tsakaninmu. Ita tana da littafin duka bakwai, an yi musu bango da takardar siminti.

Inna ta yi makonni ba ta magana sai gaisuwa. Gwaggo ce ta ce a gwada mata karatun nan, ko zuciyarta ta ɗan saki. Aka miƙo mini na huɗu, wanda ban taɓa gani ba. Na yi murna. Na karanta shafi ɗaya lafiya lau.

Gidan Gwaggo bayansa hanyar da 'yan kabu-kabu ke bi ce zuwa tashar Bakura. Babura uku suka wuce a jere. Ban san sa'ad da muryata ta ɗauke ba. Bakina yana motsi, ba abin da ke fita. Littafin ya suɓuce ya faɗa cikin ɓawon gyaɗa, na tsinci kaina a tsugune bayan randa. Na sake gwadawa washegari, da jibi. Ko babur bai wuce ba, jiransa nake yi, sai in riƙa cin kalmomi kamar 'yar aji ɗaya.

"Kawo nan, 'yar ƙauye," in ji taubashiyata. Ba da mugunta ta faɗa ba. Da ma da mugunta ne, da na sami abin riƙewa.

Ta iya karatu, wannan ba zan hana ta ba. Ni karantawa kawai nake yi, ita wasa take yi. Sarkin aljanu ta ba shi muryar ɗan kamashon tasha, boka kuma ta toshe hanci ta yi shi. Ran nan tana cikin yin sarkin aljanu yana ciniki da wata tsohuwa, sai Inna ta yi dariya. Dariya sosai, har da dafa gwiwa. Gwaggo ta juya fuska tana share ido da bakin zane. Kowa ya ji daɗi.

Ni ji na yi kamar an zuba mini garwashi a ƙirji.

Daga nan kullum bayan la'asar Inna ce ke fara fito da tabarma. Ta koma ce wa taubashiyata "ɗiyata". In an soya ƙuli, takan ware mata masu ƙaras-ƙaras a gefen faifai. Ni ina nan kusa da ita, ni da ita muka kwanta tare cikin dawa, hannunta a kan bakina, amma idonta yana kan bakin wata. Na san abin kunya ne. Ina sallah ina istigifari, ina sallamewa yana dawowa.

To, sai na fara jin abin da da ba na ji a littafin. Da can in an ce jaruma ta yi gudun kwana uku, na yarda. Yanzu kuwa na san gudu.

"Tsaya," na ce wata rana. "Da mundaye tab ɓoye cikin karan dawa?"

"Haka anka rubuta."

"Mundaye goma sha biyu a hannu, kuma aljanu ba su ji ƙara ba? Busasshen kara ko numfashi kika yi sai ya tona ki. Kuma wai ta fito da takalmanta. Takalmi shi ka fara tafiya, baiwata."

"To ki rubuta masu wasiƙa, malama."

Aka yi dariya, har Inna ta murmusa. Aka ɗauka wasan taubasai ne. Ni ma na bar shi a haka, don ya ba ni ƙofa.

Na shiga farauta. Da safe in taubashiyata ta tafi islamiyya sai in ɗauki littattafan in bi su a zuci, don a zuci muryata ba ta rawa. Ba labarin nake bi ba, ɓaraka nake nema, kuma akwai ta da yawa. Dokin da aka sare wa ƙafa a na uku yana sukuwa a na huɗu. Tafiyar da aka ce ta wata guda ce, an yi ta tsakanin azahar da la'asar don marubucin yana sauri. Babba kuma shi ne zoben. An kama jarumar an ɗaure a kogo shafi arba'in, tana kuka, zoben yana yatsanta.

"Mi ya hana ta murza shi?"

"Hannunta a ɗaure yake."

"Da wane hannu tas share hawaye, to?"

Taubashiyata ta duba shafin, ta ga haka ne, ta yi tsaki. "Ke dai Allah ya shirye ki. Mutane na jin daɗinsu, ke kina ƙidayar ƙafar doki."

"Ni na ce a sare ta?"

Gwaggo ta ce, "Ku bari mu ji, don Allah, ku biyun nan kamar kaji."

Abin da na lura shi ne, duk sa'ad da na kama kuskure, Inna takan juyo ta dube ni. Na daƙiƙa ɗaya ne, amma ni take kallo. Sai na ƙara ƙaimi.

A na shida ne wan jarumar ya dawo. Tana zaune bakin rijiya a wata ƙasa, sai ga mutum ya tsaya a kanta ya roƙi ruwa, ta ɗaga kai, shi ne. Ya rame, gashinsa ya yi yawa, ya ce tsare shi aka yi a wani dutse. Taubashiyata ta sassauta murya ta karanta wurin a hankali. Inna ta daina ɓara. Ta ce, "Maimaita min nan, ɗiyata." Aka maimaita. Washegari kafin a ci gaba ta ce a sake komawa bakin rijiyar nan. Kwana huɗu ana komawa.

Da ina da hankali a lokacin, da na gane. Abin da na gani kawai shi ne Inna ta matsa har kafaɗarta na taɓa ta taubashiyata.

A rana ta biyar na fito da na biyu a cikin hijabina, na riga na naɗe kunnen shafin. Na bari sai da aka kai inda ya roƙi ruwa.

"Wanga mutum ya mutu," na ce.

"Kin fara."

"Ya mutu tun a na biyu. Ga shi nan. Mashi ya shiga ta ƙirji ya fita ta baya. Ita da kanta ta gina ramin, ta bizne shi, ta aza dutse. Har an ce ta kwana uku a kan kabarin. To wane dutse anka tsare shi? Wanda anka bizne ba ya dawowa ya roƙi ruwa. Marubucin ya manta ne, ko ya ɗauka mu duka wawaye ne."

Muryata ba ta yi rawa ba ko kaɗan. Tun da muka zo garin ban yi magana mai tsawon wannan ba. Na ɗaga shafin ina nunawa, ina jiran Inna ta juyo.

Ba ta juyo ba. Ta kakkaɓe ɓawon da ke cinyarta, ta tashi, ta shiga ɗaki, ta saki labule.

Gwaggo ta dube ni ta daɗe. Taubashiyata ta rufe littafin. Ba ta ce mini 'yar ƙauye ba, sunana ta kira, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Kin huta?"

Kwana shida ba a fito da tabarma ba. Inna ta koma yadda muka zo da ita. In an kai mata tuwo sai ta taɓa ta ture. Baba ya kira daga Maradun, babu labari, ta ce "to" ta miƙo mini wayar. Bayan la'asar gidan sai ƙarar ɓawon gyaɗa da babura, kuma yanzu babu wata murya da ke rufe mini su. Ashe ni ma karatun nan yana tare mini wani abu.

A rana ta bakwai na sami Inna da hantsi tana ninke kayan Yaya. Riga biyu ce kawai, waɗanda ke kan igiya ranar, maƙwabcinmu ya kawo mana daga baya. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, ki yi haƙuri. Ban san kin manta da na biyun ba, da ban tuna maki ba."

Ta ci gaba da ninki.

"Wa yac ce maki na manta?"

Ta ajiye riga ɗaya, ta ɗauko ta biyun.

"Ke kik karanta min shi. Ƙarƙashin darbejiya, yayanki na gyaran babur nai, har yac ce a bar kashe mutanen kirki a littafi. Na san an bizne shi. Da mashin, da dutsen, duk na sani." Ta shafa wuyan rigar. "Ni ba ƙaramar yarinya ba ce. Na dai so in ji yadda akan yi in mutum ya dawo. Abin da akan fara ce mai. Ko ruwa akan fara ba shi."

Ban iya kuka ba ma. Na ce, "Inna, ni ce ke karanta maki da."

"Na sani," ta ce. "In muryarki ta dawo, ki karanta. Ba a ɗauke maki komai ba."

An ɗauke, amma ban faɗa ba.

Taubashiyata na bakin murhu tana juya gyaɗa a kasko. Na tsaya a kanta na ce ta fito da na shida yau.

"Don ki ƙidaya min ƙafar doki?"

"Ba zan yi magana ba."

"Ke? Sai dai in an ɗinke bakin." Ta ture itace da ƙafa. "Sai kin ce ni ce uwar ɗakinki."

"Allah ya kiyaye."

"To littafi na hutawa."

Na duba, ba kowa kusa. Na faɗa, ƙasa-ƙasa. Ta ce ba ta ji ba. Na sake faɗa. Ta yi dariya har hayaƙi ya sarƙe ta.

Ni na shimfiɗa tabarmar ranar. Ta fara karatu da ƙarfi, fuskarta wajen labule, ta ci gaba daga inda labarin ya tsaya. Ta yi shafi uku ba motsi. A na huɗu labulen ya ɗaga. Inna ta zo ta zauna tsakaninmu, ta jawo faifai, ta ce, "Koma min bakin rijiya, ɗiyata."

Aka koma. Ya tsaya a kanta, ya roƙi ruwa, ta ɗaga kai. Sai a wannan karon na ji an ce ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu, alhali a na ɗaya kura ta cinye masa na hagu tun yana yaro. Maganar ta taho har bakina. Na ɗebi gyaɗa ɗanya na cusa, na tauna.

Babura biyu suka taho ta bayan gida. Inna ta ɗora tafin hannunta a kan gwiwata, ta danne, har suka wuce, har ƙarar ta ɓace wajen tasha. Ba ta dube ni ba. Idonta yana kan bakin taubashiyata, tana jiran abin da jarumar za ta fara ce masa.