Ƙasar da Aka Jibga Mana a Kai

Mutum shida da buhun wake talatin da biyu nake da su a gidan da na kama haya a Tanut. Mutanen su ne ni, maiɗakina da ƴaƴanmu huɗu. Waken kuwa sai da na bi ƙauyukan Falanko da Ollelewa na tara shi tiya-tiya, ina jiran ya yi tsada. Ɗaki biyu ne a gidan. Ƙaramin mai rufin kwano, nan kaya suke. Babban kuwa soro ne mai rufin ƙasa, nan muke kwana.

Soron yana yoyo. Maganin da mai gidan ya sani ɗaya ne: kafin damina ya aiko amalanken jaki biyu na ƙasa, a kwaɓa, a jibga a kan ta bara. Ba a taɓa kankare tsohuwar ba. Ni awo ne sana'ata, na san nauyi. A shekara ta huɗu azarar tsakiya ta lanƙwasa, garin da gara ta ci yana zubo mana a tabarma.

Na sami mai gidan a rumfarsa ran kasuwa.

"Alhaji, rufin nan ba ƙari yake so ba, ragi yake so. A sauke ƙasar, a canza azara."

Ya yi dariya. "Mai wake, yaushe ka zama magini? Ruwan da ake yi nan ƙasar Damargu duka kwana nawa ne?"

"Kwana ɗaya ya isa, Alhaji."

"To, in bai yi maka ba, akwai malamin makaranta da ke neman ɗaki."

Ban taɓa yi masa lattin haya ba, amma amsar da na samu ke nan. Na yi ta tambaya ko akwai wanda aikinsa ne ya duba rufin gidan haya ya tilasta gyara. Duk wanda na tambaya sai ya ce ina takardar da muka sa wa hannu. Wace takarda? Da baki muka yi, a gaban shaidu biyu, kamar kowa. Wani gidan kuma ban samu ba, ga hadari ya fara haɗuwa.

Sai na sa aka kwashe waken zuwa soro, mu muka koma ƙarƙashin kwano. Maiɗakina ta yi fushi sosai.

"Maigida, wake ka ba ɗaki mai sanyi, mu ka gasa mu?"

"Ki gasu dai," na ce. "In na yi kuskure, ki yi ta yi mini gori har kaka."

Ruwa na uku ya sauko bayan la'asar. Muna cunkushe a ƙaramin ɗaki muka ji kamar an juye babbar mota. Ƙasar shekara da shekaru ta sauko daidai inda gadon yara yake a da.

Da Alhaji ya zo, bai tambayi ko an ji ciwo ba. Azararsa ya fara dubawa. Wai buhunana ne suka tura bango, don haka mu raba kuɗin gini. A gaban maƙwabta na ce masa ko dala ba zan bayar ba, kuma ya gode wa Allah wake muke tonowa. Har yau in na tuna maganar nan raina yana ɓaci.

Ya sake rufin da tsofaffin azarar da ba su karye ba. Mu muka tashi, malamin makarantar ya shiga. Na je na gaya masa komai, ya ce albashinsa iyakar gidan da zai kama ke nan.

Buhu tara na fitar lafiya. Sauran sun sha laka sun tsiro cikin kwana uku, na ba makiyaya a kuɗin dusa. Shekara biyu na yi kafin jarina ya dawo, kuma ban binne kowa ba.