Shekara Goma Sha Tara a Bayan Sarƙa

A gareji Na-baya ake ce masa, kuma ba ƙage aka yi masa ba. Shekara goma sha tara ya yi yana zama a cikin matattun motocin mutane, yayansa na jan sa da sarƙa.

Motar da ke jan ta su biyu ce. Da gadon mahaifinsu suka saye ta, a-kori-kura mai shan dizal, wadda ta riga ta tsufa a hannun mutum biyu kafin ta zo gare su. Aikin ja kuwa ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Wani yana gaba yana ja, wani yana cikin motar da ta mutu, yana riƙe da sitiyari yana taka birki, don kada sarƙa ta saki ta zo ta fizga. Ranar farko Yaya ya ɗauki makulli don shi ne babba, ya ce, "Auta, yau kai ka riƙe baya." Wannan yau ɗin ba ta ƙare ba har gemun Auta ya yi furfura.

Zaman baya ba zama ba ne. Motar da injinta ya mutu, sitiyarinta kamar an ɗaura masa dutse, birkinta sai ka miƙe tsaye a kansa. Wata gilashinta ba ya sauka, wata dakon kaji aka yi a cikinta. Ga hayaƙin salansar motar gaba a fuska tun daga tashi har sauka. A wannan hayaƙin ya karanci motarsu. In ya yi baƙi, matatar iska ta toshe. In ya yi fari, an sayar musu da mai da ruwa. Shi ke tsiyaye ruwan daga filta kowace safiya, shi ke juyen baƙin mai, shi ke kwanciya a ƙasa yana fitar da iska daga famfo duk ranar da Yaya ya bar tanki ya ƙafe. Amma in an isa gareji, mai matacciyar motar Yaya yake miƙa wa hannu, Yaya ake kawo wa ruwan sanyi. Shi kuwa sai a leƙo ta taga a ce, "Malam, ba ka dai taɓa min rediyo ba ko?"

Matarsa ba ta taɓa sassauta masa ba. In ya shigo yana warin dizal sai ta ce, "Sannu da zuwa, mai rabin mota. Wane rabin ne naka, wanda hayaƙi ke fita?" Lasisin tuƙinsa yana cikin aljihu, yana sabunta shi kan lokaci, bai taɓa samun wanda ya tambaye shi ba.

Sai gwiwar Yaya ta gaza. Kulocin motar yana da tauri, likita ya ce ko kuloci ko ƙafa. Na-baya ya yi jaje da baki, cikinsa kuwa fari ƙal. Da safe ya sa wankakkiyar riga ya tafi gidan Yaya. A zaure ya tarar da mijin 'yar Yaya, wanda har yanzu ake ce wa Ango ko da yake 'ya'yansa uku, yana juya makullin a yatsa, Yaya na zaune a gefe.

"Yaya, me nake gani?"

"Zauna, Auta. Ja kowa ya iya. In na sa ka gaba, wa zan sa a baya? Wannan? Ko keke bai iya taka wa birki ba."

Ango ya yi dariya ya dubi Na-baya ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Ni dai ka riƙe ni da kyau."

Yabo ne, amma Na-baya ya ji shi kamar mari. Ashe iya aikinsa ne ya ɗaure shi. Wata biyu yana kallon ƙeyar Ango, yana jin yadda yake sa giyar motar nishi, yana ganin 'yan gareji suna ce masa direba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne motar ba ta ƙi Ango ba. Tashi take yi bugu ɗaya, kamar ba Na-baya ne ya raine ta ba.

Wata rana da hantsi aka kira su ga motar burodi da ta mutu a saman gangara. Na-baya ya shiga, ya kama sitiyari, suka fara sauka. A gangara na baya ne ke riƙe motoci biyun. Yana cikin takawa sai zuciya ta ce masa, fizga ɗaya ta isa kowa ya san Ango bai iya ba. Ya ɗage ƙafa. Motar burodi ta matsa, sarƙa ta kwanta tana jan kwalta. Da suka kai ƙasa Ango ya taka totur don hawan da ke gaba, shi kuma ya danne birki da dukkan ƙarfinsa.

Ƙarar ta fi yadda ya zata. Ƙugiyar sarƙar ta tsinke tare da ƙarfen da take jiki, burodi ya watse cikin mota, Ango ya bugi sitiyari leɓensa ya fashe. Ya fito da jini a haɓa, da gudu, ba wajen a-kori-kura ba, wajen Na-baya.

"Baba, ba ka ji ciwo ba? Laifina ne, na saki kuloci da gaggawa."

Na-baya ya ce, "A dai riƙa kula."

Yaya ya zo wajen mai walda yana dogara sanda. Bai dubi ƙarfen da ya tsage ba. Sarƙar ya ɗaga, ya bi ta da yatsa har inda kwalta ta goge ta tana ƙyalli. Ya aiki Ango ya je ya wanke baki, sannan ya juyo.

"Tun da muka fara, sarƙar nan ba ta taɓa shafar ƙasa ba."

"Birkin motar ne ba kyau."

"Auta, ni ma uwarmu ɗaya da kai." Ya zaro makullin ya jefa masa a cinya. "Riƙe. Mutumin da ban yarda da shi a bayana ba, gaba kaɗai ta rage masa. 'Yata ba za ta yi takaba saboda kujera ba."

Haka ya sami kujerar gaba, yana da shekara hamsin da ɗaya. Babu wanda ya san dalili sai su biyu, kuma Yaya bai ƙara kiransa Auta ba, sai Direba, a gaban kowa, ba tare da murmushi ba.

Ango ya koma baya, ya koyi aikin cikin wata shida, yana ta godiya. Na-baya kuwa bai taɓa tuƙi da daɗi ba. Shi ya san abin da ƙafa ɗaya za ta iya yi daga can, don haka idonsa ba ya barin madubi, har wuyansa ya sage. A gangara gumi yake yi. In suka isa gareji ya sauko, sai ya ji makanikai suna cewa, "Kai, Angon nan akwai ƙafa! Ka ga yadda sarƙa ta zo a miƙe?"

Sai ya zagaya ya buɗe filta, ya tsaya yana kallon ruwan yana ɗiga, har su gama.