Maki Ukun Ɗiyar Direba

Shekara goma sha shida ina koyar da fiziks a wata sakandaren 'yan mata a Jibiya, ban taɓa barin wani ya sa baki a makin da na bayar ba. Don haka ranar da mataimakiyar shugabar makaranta ta ce za a sake duba takardun 'yan aji biyar, raina ya ɓaci ƙwarai.

Abin ya taso ne daga yarinya ɗaya. Maki arba'in ake nema a wuce zuwa ajin ƙarshe, ni kuwa na ba ta talatin da bakwai. Ubanta direba ne, mutumin Maraɗi, yana jigilar fasinja daga tashar bakin iyaka. Da ƙafarsa ya zo ofis ya ce shi ba ruwansa da maimaita aji. In ta faɗi, karatu ya ƙare, ta je ta taya uwarta sayar da shinkafa a tasha.

Bayan ya fita na ce, "Hajiya, zargina ake yi ke nan?"

Ta ce, "Haba Malam, wa ya isa? Ma'aunin za mu gwada."

Ta ware takardu goma sha biyu, har da ta yarinyar, ɓangaren tambayoyin bayani kawai, waɗanda ɗaliba ke rubuta amsa da kanta, ba zaɓin A ko B ba. Aka lilliƙe sunaye da duk inda jan birona ya taɓa, aka ɗauki hotonsu. Mu uku za mu duba: ni, da wani sabon malamin fiziks da nake gani ko alli bai iya riƙewa ba, da malamar lissafi. Kowa ya zauna a ɗaki daban, jagorar rabon maki iri ɗaya, ba magana.

Wallahi da gadara na shiga. Na ce yau za a ga wanda ya san aiki. Amma ina kai takarda ta huɗu gumi ya fara keto mini, domin ban gane rubutun kowa ba. Wace ce tata? Na ba wannan da yawa ne, ko na rage? Babu wanda zan tambaya.

Bayan azahar Hajiya ta tara mu, ta haɗa wa kowace takarda makinta na zaɓin A ko B, ta ja layi huɗu a allo: makin sabon malami, na malamar lissafi, nawa na yau, da nawa na makon jiya. Tana rubutawa ina bin hannunta da ido. Na sauran biyun suna tafiya kusa da juna, bambancin maki biyu ko uku. Layukan da suka fi saɓawa kuwa, nawa ne da nawa.

Takardar yarinyar ce ta tara. Arba'in da huɗu. Arba'in da biyu. Ni, arba'in da shida. Can gefe ga talatin da bakwai ɗina.

Na ce, "Ba zai yiwu ba! A kawo ta asali."

Aka kawo. Tambayar ita ce me ya sa mota mai dogon lodi ke saurin kifewa a kwana. Yarinyar ba ta kawo kalmar littafi ba, da motocin da take gani suna tsallaka iyaka ta yi bayani: nauyi in ya hau sama, ɗan karkata kaɗan ya isa ya fitar da shi daga tsakanin tayoyi. Daidai ne sarai. A makon jiya takardarta ta biyo bayan ta wadda ke ɗaukar na ɗaya, mai rubutu tsaf, sai na ga wannan kamar shirme na ja mata layi. Kunya ta kama ni, na kasa kallon sabon malamin.

Ni na nemi a bar ni in kai labarin. Na iske uban a tasha yana ɗaure buhuna a saman mota. Na ce ɗiyarsa ta wuce, kuskure nawa ne. Ya sauko ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Madalla, Mushe," haka suke kiran malami a can ƙetare. "Allah shi saka." Sannan ya nuna rumfar matarsa, inda wata budurwa ke wanke kwanoni. "Waccan yayarta ce. Ita ma wajenka ta faɗi, shekara ukku ke nan, da maki biyu. Ko tata ma a iya sake dubawa?"

Takardun waccan shekarar tuni aka kwashe su daga sito, masu tsire sun naɗe nama da su. Na buɗe baki in gaya masa, sai na ga yayar ta ajiye kwanon ta miƙe tana kallona.