Malama Hadiza da Shafukan da Na Manne da Ƙaro

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kai Malama Hadiza makwancinta a Malumfashi. Ƙawata ce tun muna 'yan mata a makarantar horon malamai, tare aka tura mu aiki, tare kuma muka tsufa. Na zauna da niyyar in rubuta mata irin abin da ake rubuta wa mamata, in ce mai haƙuri ce, mai kawaici. Na kasa. Duk wanda ya zauna da Hadiza na kwana ɗaya zai san ƙarya na shara. Ba ta da haƙuri ko kaɗan, kuma yau da nake wannan rubutu ni ma nawa ya ƙare.

'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai aka tura mu wata babbar firamare ta kwana, tsakanin Funtua da Malumfashi, ta maza da mata. Mu biyu ne kaɗai malamai mata. Abin da ake kira laburare a makarantar kabad ne guda ɗaya na katako a bayan aji bakwai, da kwaɗo a jikinsa. Hedimastanmu, Malam Barau, ya damƙa wa Hadiza makullin, don ya ga ita ce mai yawan tambayar littafi. Na tabbata ya yi nadamar haka har ya bar duniya.

Wata kakar auduga aka aiko mana da akwatin littattafai. Jirgin ƙasa ya sauke shi a Funtua, motar auduga ta ƙaraso da shi. Hadiza ta ƙi jera ko ɗaya a kabad sai da ta karanta su duka. Biyu daga ciki sun shafi jikin ɗan Adam. Na farko cike yake da hotunan samari da 'yan matan Turawa riƙe da hannun juna, ana koya musu yadda ake fita yawo. Ta mayar da shi ƙasan akwati. Ta ce mini, "Wannan na 'ya'yan wasu ne, Rabi, ba namu ba." Na biyu littafin kiwon lafiya ne. Akwai babin sauro, babin ruwan sha, sannan babi guda a kan balaga: jinin al'ada, yadda jikin yaro da na yarinya ke canzawa, da zanen mahaifa. Shi ta zaɓa. Ina faɗin wannan ne saboda waɗanda suka riƙa yaɗa cewa Hadiza ba ta ƙin komai in dai daga Turai ya zo. Ta fi duk masu zaginta iya tacewa, don ita karantawa take yi kafin ta yanke hukunci.

Malam Barau ya buɗe littafin, idonsa ya faɗa kan zanen, ya rufe da sauri.

"Malama, wannan ba zai shiga kabad ba."

"Ranka ya daɗe, ka karanta babin?"

"Ba sai na karanta ba. Na ga hoton."

Ba mugun mutum ba ne Malam Barau. Tsoro ne da shi. A lokacin da kyar ake samun uba ya saki 'yarsa ta zo boko, kuma magana ɗaya a kasuwa ta isa ta kwashe rabin 'yan matan makaranta. Littafin ya koma aljihun teburinsa, Hadiza ta yi ta ƙorafi, ba wanda ya kula ta.

Sai abin Talatu ya faru. Yarinya ce 'yar aji shida, daga wani ƙauye can gefen Mahuta, kuma babu wanda ke kama ƙafarta a lissafi, har mazan. Jini ya zo mata tana zaune a aji. Ba ta san mene ne ba, don ba wanda ya taɓa gaya mata. Da aka kira ta ta fito allo, ta miƙe, yaran suka ga bayan zanenta da kan benci, suka kwashe da dariya. Kafin a tashi tara ta bi ta gonakin auduga ta nufi gida a ƙasa. Ranar Asabar Hadiza ta hau mota ta bi ta. Ta tarar da ita a ɗakin kakarta, ta kwana biyu ba ta ci abinci ba, don ta ɗauka wani abu ne ya fashe a cikinta, mutuwa take jira. An yi mata bayani, hankalinta ya kwanta, amma ta rantse ba za ta sake haɗa ido da yaran nan ba. Ba ta sake ba kuwa.

Hadiza ta dawo ta wuce ofishin hedimasta ko mayafi ba ta gyara ba. Daga ajina ina jin muryarta. Don ya raba kansa da ita, Malam Barau ya ce to a tara iyaye su yanke da kansu, yana ganin zai sha da sauƙi.

A ƙarƙashin ɗorawar da ke bakin makaranta aka yi zaman. Dattawa kamar goma suka zo, da limamin gari, da wani Bamaguje, Sarkin Noma Jatau, wanda 'ya'yansa mata biyu ke aji bakwai. Mu biyu aka ba mu tabarma can gefe. Aka zagaya da littafin hannu zuwa hannu, kowa ya leƙa ya yi salati ya miƙa gaba. Wani ma a juye ya riƙe shi, amma bai hana shi salatin ba.

Hadiza ta nemi izini, ta durƙusa ta fuskanci liman.

"Allah gafarta Malam, tambaya gare ni. A karatun fiƙihun da kake ba magidanta a zaure, akwai babin haila da wankan tsarki?"

"Akwai mana."

"In an zo wurin, tsallakewa kake yi?"

"Subhanallahi! Ai salla ba ta inganta sai da shi."

"To, Malam, mazan da ba sa yin jinin an karantar da su. 'Yan matan da zai zo wa, su wa zai karantar? Talatu ko sanin an ɗauke mata salla ba ta yi ba."

Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Liman ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce yarinyar nan ta faɗi gaskiya, ko da yake da ta rage ƙarfin murya da ya fi. Sarkin Noma Jatau ya yi dariya ya ce shi bai ga abin taro a nan ba, 'ya'yansa tun suna tatata suke ganin akuya na haihuwa. Abin da ya roƙa kawai shi ne kada namiji ya karanta musu.

A kan haka aka tashi. Littafi zai zauna a kabad a kulle. 'Yan matan aji shida da bakwai ne za su karanta babin, ranar Alhamis bayan an tashi, da malama mace a zaune. Yara maza kuma Malam Barau zai yi musu nasu. Bai taɓa yi ba, ko sau ɗaya. Amma na 'yan matan ya tafi lafiya ƙalau har zango biyu. Ba wadda ta lalace, ba uban da ya cire 'yarsa. Tambayoyinsu ma ba su wuce yadda ake wanke tsumma da inda za a shanya shi ba tare da maza sun gani ba.

Yanzu na zo wurin da na daɗe ina kewayewa. Hadiza ta tafi hutun haihuwar ɗanta na fari, ta bar mini makulli. Sai aka ce sufeto na tafe. Malam Barau ya kira ni ofis, littafin na kan tebur, da kwalbar ƙaro a gefe.

"Malama Rabi, ke mai hankali ce, ba kamar ƙawarki ba. Ba yagewa za mu yi ba. Mannewa kawai, kada baƙo ya buɗe ya ga abin da zai ja mana magana."

Na so a ci gaba da ce mini mai hankali. Na zauna na shafa ƙaro a shafi takwas, ɗaya bayan ɗaya, na danne da dutsen guga. Sufeton ya zo, ya duba rajista da bayan gida da gonar makaranta, ya ci tuwo ya tafi. Ko kallon kabad ɗin bai yi ba.

Da Hadiza ta dawo, da jariri a baya, ta buɗe littafin ta ga babin ya zama kamar kwali. Ba ta je ofis ba. Wurina ta zo.

"Hannun Malam Barau ba ya aiki da tsabta haka. Ke ce?"

"Ni ce. Ya ce..."

"Ban tambaye ki abin da ya ce ba. Rabi, kina ajin da ke kusa ranar da aka yi wa Talatu dariya. Kin ji da kunnenki."

Ta ɗora tukunya ta kara shafukan a tururi, suka ɓare a yayyage, rubutun ya bi ƙaron. Ta yi wata uku ba ta ce mini ko sannu ba, alhali katanga ɗaya ce tsakanin ɗakunanmu. A cikin watannin nan ta sayi littafin rubutu ta rubuta babin da Hausa daga abin da ta riƙe a ka, ta kai wa ungozomar asibiti ta gyara mata, ta kai wa liman ya ƙara hukuncin tsarki. Ya fi na Turancin amfani nesa ba kusa ba. Kafin shekara ta zagayo aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye wajen Matazu, aka ce wai ana bukatar malama mace a can. Kowa ya san dalili. Ranar da za ta tafi ta leƙo ɗakina ta ce in zo in kama mata ɗaurin kaya, shi ke nan sulhun namu. Ba ta taɓa cewa ta yafe ba, ni ma ban taɓa roƙa ba, har ƙasa ta rufe mata ido.

Wani lokaci nakan ji haushinta ita ma. Da ta iya lallashi, da ta bar wa Malam Barau hanyar da zai janye ba tare da ya ji kunya ba, wataƙila da ba a kore ta ba, da 'yan matanmu sun daɗe suna amfana. Makarantu huɗu ta zagaya, ko'ina da irin wannan rigima. Amma in na faɗi haka sai in tuna ni ce mai lallashin, kuma an ga abin da nawa lallashin ya haifar.

Da Hadiza za ta leƙo yau, me za ta gani? Laburaren makarantu sun samu gini da fanka. Na shiga wani ɗakin karatu na jama'a kwanakin baya, na tambayi ma'aikacin ina littattafan da suka shafi balaga, ya rage murya ya ce suna sito, sai an kawo takarda daga babba. Na ce shi ya karanta su? Ya ce a'a, shi dai an ce ya ɓoye. Ana tara kwamiti, a yi ta jayayya a kan littafin da babu ko mutum ɗaya a ɗakin da ya buɗe. Wasu na cewa a ƙone duka, wasu na cewa a jera duka, har da wanda bai dace da 'ya'yanmu ba. Mai zama ya karanta ya tace, ya ce wannan na 'yan shekara kaza ne, wancan a mayar, shi ne babu. Ana wannan kuwa waya na hannun yara, tana nuna musu abin da ko sunansa ba zan iya rubutawa a jarida ba, kuma ita ba ta neman takarda daga babba.

Hadiza ba ta bar gida mai bene ba, ba a sa wa ko aji ɗaya sunanta ba. Abin da ta bari tsofaffin mata ne warwatse daga Funtua zuwa Matazu, waɗanda jini bai zo musu a matsayin labarin mutuwa ba, suka kuma gaya wa 'ya'yansu tun da wuri. Ban san yawansu ba. Na dai san ni ba na cikin waɗanda suka ɗauki darasin, kuma makon jiya aka nuna mini.

Jikanyata Zainab, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare, a wurina take zaune. Ta aro littafin kimiyya daga makarantarsu, na ɗauka ina dubawa, sai na ga an ɗinke wasu shafuka da ƙarfen maƙale takarda. Na ce wa ya yi wannan? Ta ce haka aka ba su, an ce wurin ba nasu ba ne. Na ɗauko wuƙa na zare ƙarafan, na ce ta zauna nan kusa da ni. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, na aurar da 'ya'ya mata uku, amma ranar ce karo na farko da bakina ya furta wannan magana a cikin gidana. Ina karantawa ina in'ina, ita kuwa kanta a sunkuye tana wasa da bakin hijabi. Da na kai ƙarshe na ce, "To, duk ranar da kika gani, kada ki tsorata, ki zo ki faɗa mini."

Ta ɗago ta dube ni.

"Hajiya, ai ya zo tun kafin azumin bara. Ban san wa zan gaya wa ba."

Ɗaki ɗaya muke kwana da yarinyar nan.

Allah ya jiƙan Malama Hadiza, ya haskaka kabarinta. Mu kuma da muka rage, masu hankali, Allah ya shirye mu.