Kaminar Ɗiyata

A ƙauyenmu, kusa da Abu Na'ama, mace ba ta sa wa tukwanenta wuta sai ta zaga maƙwabta. Haka na tarar uwata na yi, haka na yi. Jajibirin gashi za ki bi gida-gida ki ce, "Gobe akwai wuta." Sai kowane gida su cika randa su ajiye bakin ƙofa, su bar babba guda a gida, kada kowa ya watse gona. Ɗakunanmu na ciyawa ne, iskar bakin kogi kuwa ba ta shawara da kowa. In kin kwashe gashi, gidan da duk ya tsare miki, ki kai musu sabon tulu.

Ɗiyata ce ta gaje ni. Hannunta ya fi nawa, ban dai taɓa gaya mata ba. Shekarar da wata ƙungiyar mata ta gina mata kamina, wato rufaffen murhun gasa tukwane, ta jan bulo a tsakar gida, ta bar ramin bayan gari da muke gashi a ciki, sai ga wani mutum daga Sinnar da abin da ya kira ta'amin. Wai in gobara ta ci kaminar, su za su gina wata.

Na ce, "To in ta ci ɗakin Gwaggo fa?" Gwaggo tsohuwa ce a bayan dangarmu, ƙafafunta sun mutu, da rana ita kaɗai ake bari.

Ya yi dariya. "Ya Hajja, wannan ba rami ba ne. Wutar a rufe take."

Da ya tafi ɗiyata ta ce, "Inna, kalas, ya isa haka. Kowane gashi in rabe tuluna, da me zan je kasuwa?"

"Kada ki raba. Ki dai faɗa."

"In faɗa ban kai tulu ba? Kin manta bakin matan nan?"

Sai ta daina sanar da maƙwabta. Ni kuma duk ranar gashi ina bakin danga da bokitin ruwa, tana mini tsiya wai gwamnati ta ɗauki sabon askari mai gadi.

Ranar da abin ya faru ina Sinnar wajen ciwon ido, ba ta ce mini za ta hura ba. Girbin riɗi ake, gari babu kowa. Bayan azahar iska ta juyo, tartsatsi ya fita ta mafitar hayaƙi ya sauka kan ɗakin Gwaggo. Ɗiyata ta faɗa gidajen maƙwabta tana ihu, ta tarar da randuna ba ruwa, ba mai amsawa. Ta shiga ɗakin da kanta ta jawo tsohuwar da tabarmarta. Gwaggo ba ta kai la'asar ɗin washegari ba.

Kaminar ko tsagewa ba ta yi ba. Mutumin ta'amin ɗin ya zo ya zaga ta, ya ce alhamdu lillahi, babu asara.

'Ya'yan Gwaggo suka ce ƙaddara ce, sun yafe. Amma yatsun ɗiyata da wutar ta ƙona sun warke a ƙandare, ba sa iya jan bakin tulu. Kaminar na nan tsaye, na hana a rushe, na hana a hura. Wani lokaci da rana tsaka, gari ya yi tsit, nakan hango ta bakin danga tana magana ƙasa-ƙasa da filin da ɗakin yake a da. Ban taɓa matsawa in ji abin da take cewa ba.