Abin da Nokh Ram Ya Rubuta Cikin Shiru

Nokh Ram ya shekara talatin da ɗaya a ƙaramin teburin da ke ƙasan kujerar Kakaki, a majalisar jiharmu. Ashirin da shida daga ciki ina gefensa na hagu. Aikinmu ɗaukar maganar 'yan majalisa da gajeren rubutu, irin na ƙugiya da ɗigo, wanda ba mai iya karanta shi sai mu. Biyu-biyu ake zama. Na farko ya rubuta, in an fito ya mayar da shi cikakken rubutu, na biyu ya sa hannu cewa shi ma haka ya ji. Daga nan sai maɗaba'a, magana ta shiga kundin majalisa.

Siririn mutum ne, marar surutu. Fensir shida gare shi, kullum da safe sai ya feƙe su da reza. Da rana yakan zauna a matakalar baya ya ci gurasa biyu da yankan mangwaro mai yaji, yana korar birai da lema. Har muka rabu ban san jam'iyyar da yake zaɓa ba.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ake fara koya wa sabon shiga. In Kakaki ya ce, "Ba za a rubuta ba," sai ka ɗaga fensirinka daidai kunne, inda kowa zai gani. Duk abin da aka faɗa fensir yana sama, a wurin doka ba a faɗe shi ba. Nokh Ram ya fi kowa saurin ɗagawa.

A kujera ta arba'in da ɗaya, layin 'yan adawa, akwai Master Khem Chand, tsohon malamin firamare. Magana ɗaya ya riƙe shekara huɗu. A mazaɓarsa wani ramin haƙar dutsen rufi ya rufta da damina. Gwamnati ta ce ranar hutu ce, ba kowa a ciki, aka rufe bakin ramin da siminti. Amma mata takwas sun ƙetaro iyaka suna neman mazajensu, leburori ne da ba a taɓa rubuta sunansu a ko'ina ba. Matar da ba a ce mijinta ya mutu ba, ba ta iya cire jan alamar aure da ke goshinta, ba ta iya yi masa sadakar mamaci. Abin da Master yake so bai da yawa: sunayen nan takwas su shiga kundi, don ya zama dole minista ya tashi ya amsa.

Kowane zama sai ya miƙe, ya zaro wata takarda daga aljihun falmaransa.

"Ya mai girma Kakaki, Harka, Jit Bahadur, Padam..."

"Master, yau ma kiran sunan aji za a yi?" in ji wani daga layin gwamnati. "An tashi makaranta, ka tafi gida."

"Kai ko lokacin da ake makarantar ba ka zuwa, zauna," in ji Master.

Kafin dariya ta lafa Kakaki ya lalubo tabaransa. "Maganar tana gaban kwamiti. Ba za a rubuta ba, har da abin da ya gabata."

Kwamitin bai taɓa zama ba. Mu ɗaga fensir, 'yan gwamnati su yi ta bugun tebur, bakin Master yana motsi ba a jin komai. Bai taɓa wuce suna na uku a kunnenmu ba.

Wata rana ya tarar da mu a matakala.

"Akawu Nokh Ram, hannun nan naka ba ya gajiya da tsayuwa a sama?"

"Yana yi, Master. Amma ba nawa ba ne daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa biyar."

Master ya dube shi. "To, zan nemi lokacin da ba na kowa ba."

Ya rasu a hutun kaka, a ƙauyensu. An ƙona gawarsa a bakin kogi bisa al'adarmu, da falmaran nan a jikinsa, kamar yadda ya bar wasiyya. Takardar tana aljihu.

Ranar da aka buɗe zaman sanyi, ni da Nokh Ram ne a tebur. Gajimare ya sauko har yana shigowa ta tagogin sama. An ɗora furanni a kujera ta arba'in da ɗaya. Kakaki ya karanta ta'aziyya, ya ce a miƙe a yi shiru na minti biyu. Duk muka miƙe.

A cikin shirun na ji ƙarar fensir. Nokh Ram yana tsaye, idonsa a gaba, kansa ya ɗan karkata yadda yake yi in mai magana yana nesa. Hannunsa na dama yana kan littafi, yana tafiya. Ba sauri, ba tsayawa, kamar ana yi masa shifta. Kakaki ya leƙo ya gani. Ba a magana cikin shirun mamaci, don haka bai ce komai ba.

A ofis, shugabanmu Sood Sahib ya karanta shafin sau biyu.

"Nokh Ram, wa ya yi magana?"

"Kujera ta arba'in da ɗaya, ranka ya daɗe."

"Wadda aka ɗora wa furanni."

"Ita."

"Me ka sha da safe?"

"Shayi. Ko citta babu."

"Ka san abin da wannan zai jawo maka?"

"Ba a ce a ɗaga fensir ba, ranka ya daɗe. In an ce, da na ɗaga."

Sood Sahib ya juyo wajena. "Paras Ram, kai ne na biyu. Haka ka ji?"

Na dubi shafin. Master kullum takwas yake cewa. A nan sunaye tara ne, na ƙarshe Dhan Bir. Na karɓi alƙalami na sa hannu. Mutane da yawa sun tambaye ni tun daga lokacin ko na ji wani abu. Nakan ce sa hannuna yana nan.

Sood Sahib ya murza ido. "Tun jiya idona yake ciwo, ba na ganin ƙananan rubutu." Ya tura shafin cikin tarin da za a kai maɗaba'a.

Ba mai karanta kundi, shi ya sa ya fito lafiya, da hatimin Kakaki a bangonsa. A zaman bazara, Phulma Devi, wadda ta ci kujerar Master, ta miƙe da kundin a hannu.

"Ya mai girma Kakaki, ba sabuwar magana na kawo ba. Littafinku nake karantawa, shafi na sha huɗu."

Ta karanta su tara, a hankali. Kakaki ya buɗe baki, ya dubi hatiminsa, ya rufe. Fensirinmu yana ƙasa. Minista ya tashi ya ce za a duba.

Bayan ƙanƙara ta narke aka fasa simintin, aka tarar da ragowar mutum tara. Matan takwas sun zo, kowace ta gane abin da ta gane, ɗaya zobe, ɗaya takalmi. Na tara ba wanda ya zo dominsa, ba kuma wadda ta san da shi. A gefensa akwai kwanon abinci na ƙarfe, irin wanda mai shago yake zana wa suna ranar da aka saya. Da aka goge lakar, sunan ya fito: Dhan Bir.

Ba a kori Nokh Ram ba. An mayar da shi ɗakin karatu, yana share ƙurar kundaye har ya yi ritaya. Bai yi ƙorafi ba. Na sha kai masa ziyara a gidansa da ke gangaren kasuwa. In hira ta yanke, sai in ga kansa ya karkata, yatsunsa uku suna tafiya a kan gwiwa. Nakan yi sauri in kawo wata maganar, ko ta farashin tuffa ce.

Bara ya rasu. Tsofaffin abokan aiki mun taru a ofis, wani ya ce a yi masa shiru na minti biyu. Na miƙe tare da su. Hannayena na cusa a aljihu, na damƙe su sosai kada su fara tafiya, har aka ce a zauna.